Wai da gaske rashin bacci yana jawo ciwon suga?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min. Ina kasuwanci a Kantin Kwari, in na taso sai majalisa, mu sha shayi mu yi hira har wajen ɗayan dare, in na shiga gida kuma waya ce a hannu, ga zafi ga sauro in an ɗauke wuta, asuba kuma dole a tashi, baccin nawa dai bai wuce awa huɗu zuwa biyar. Na gwada suga a kemis kafin in karya aka ga 112, mai gwajin yace rashin bacci na iya sa haka. Mahaifina yana da ciwon, shi yasa hankalina ya tashi. Wai gaskiya ne?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Gaskiya ne, aikin jinya nake yi kuma muna yawan faɗa wa mutane. A 1999 an yi wani gwaji a jami'ar Chicago ta Amurka, samari 11 lafiyayyu aka taƙaita musu bacci zuwa awa 4 har dare 6, sai saurin da jikinsu ke kwashe suga daga jini ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Samari fa, ba tsofaffi ba. In bacci bai isa ba jiki baya jin insulin, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini, yadda ya kamata, sinadarin damuwa cortisol ya hau da yamma, yunwa ta ƙaru, sai kaga zuciyarka ba ta son komai sai zaƙi da fulawa. To kai kuma a daidai lokacin kana gaban mai shayi an zuba maka madara da suga cokali uku ga burodi ko indomi, kaga abu ya haɗu biyu.

Wannan 112 ɗin bai kai ciwon suga ba, sai ya kai 126 ba a ci komai ba kuma an maimaita gwajin, amma daga 100 zuwa 125 bakin gaɓa ne. Ka je asibiti, Murtala ko Malam Aminu Kano ko wanda ke kusa da kai, a yi maka HbA1c, shi yake nuna yadda sugan yake a wata biyu zuwa uku da suka wuce.

Dan_Fagge:
Hajiya ni fa ina da ja, masu gadi nawa ne a garin nan suke kwana ido biyu kuma garau suke? Ciwon suga ai gado ne da ƙiba kawai.

Ummu_Sadiq:
Malam ba a ce duk wanda bai yi bacci ba zai kamu ba, haɗarin ne yake ƙaruwa, kuma masu aikin dare an gano sun fi shiga haɗarin, da yawa ma suna ɗauke da ciwon basu sani ba tunda basu taɓa gwadawa ba. Gado da ƙiba suna nan daram. Amma shi Baban Ilham da mahaifinsa ke da ciwon, me zai sa ya ƙara wa kansa? Binciken da aka tattara a 2015 ya nuna masu yin awa 7 zuwa 8 su suka fi ƙarancin haɗari, wanda ya gaza haka da wanda ya zarce sosai duk nasu ya fi.

Yaya_Hauwa:
Kar a manta da minshari dan Allah. Maigidana yana cika awanninsa amma minshari kamar injin niƙa, numfashi ya ɗauke sai ya zabura, da rana yana zaune a shago yana gyangyaɗi, wlh har tashinsa nake yi don tsoro. Likita yace wannan ɗaukewar numfashin tana ɓata baccin gaba ɗaya kuma tana da alaƙa da suga da hawan jini. Baban Ilham ka tambayi maman Ilham ko kana yi, kai ba zaka sani ba. Sannan in kana yawan tashi fitsari da dare ga ƙishirwa kar ka jira komai, wani lokacin sugan ne da kansa yake hana baccin.

Baban_Ilham:
Allah ya saka da alheri, fitsarin dai ba na yi, minsharin zan tambaya. To in ina ƙailula bayan azahar a shago ba zata rama min ba?

Ummu_Sadiq:
Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana da kyau, ka riƙa yi, amma ba ta biyan bashin dare. Ka sallami majalisa ƙarfe goma, shayi da goro a bari tun la'asar, wayar kuma a barta a falo. In sakamakon ya fito ka turo mu gani.