Me ya riƙe Checheniyawa bayan korar 1944?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka san tarihin tsaunukan Kaukasus. A ranar 23 ga Fabrairun 1944 gwamnatin Stalin, shugaban Tarayyar Soviet, ta kwashe Checheniyawa da 'yan'uwansu Ingush kakaf, mutum kusan rabin miliyan, ta loda su a taragun jirgin ƙasa na dakon kaya da dabbobi zuwa Kazakistan da Kirgistan, bisa zargin sun haɗa kai da sojojin Jamus. An soke jamhuriyarsu, an sauya wa ƙauyukansu suna, an zaunar da wasu a gidajensu, kuma ba a maido musu da jamhuriyar ba sai a 1957. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda al'ummar da aka watsa haka har shekara 13 ta dawo da harshenta da addininta da al'adunta a hannu. Me ya riƙe su? Allah ya saka da alheri.

Ɗalibin Tarihi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina amsar tana cikin tsarin zumuntarsu, wanda ya girmi zuwan Rasha yankin nesa ba kusa ba. Su da kansu suna kiran kansu Nokhchi, kuma a tarihi ba su da gidan sarauta ɗaya da za a sare kansa al'umma ta watse. Sun kasu zuwa dangogi da suke kira teip, sama da ɗari, yawancinsu da ƙauyen asali a kan tsauni da maƙabartar kakanni, wasu har da hasumiyar dutse irin waɗanda ake gani a kwarin kogin Argun. Manyan al'amura dattawa ne ke yanke su a majalisar da ake kira Mekhk-Khel. Ana sa ran kowane namiji ya iya jero sunayen kakanninsa bakwai, kuma wannan ilimi ne da ba ya buƙatar takarda ko makaranta, balle izinin hukuma.

Saboda haka, da aka zube su a filayen Kazakistan cikin tsananin sanyi, mutum ya san wanda zai nema da wanda haƙƙinsa ke wuyansa. Marayu sun sami masu ɗaukarsu a cikin dangi, aure ya ci gaba da bin ƙa'idar cewa ba a auren ɗan teip ɗaya, dattawa kuma suka ci gaba da sasanta rikici ba tare da an kai ga jami'in gwamnati ba. Duk wannan ya faru ne alhali dokar 1948 ta tanadi ɗaurin shekara 20 da aikin tilas mai tsanani ga duk wanda ya bar wurin da aka tsugunar da shi ba da izini ba.

Akwai kuma ladubban cikin gida, waɗanda nake ganin ana raina tasirinsu. Uba ba ya ɗaukar ɗansa ko yi masa wasa a gaban nasa mahaifin. Matar aure ba ta ambatar sunayen dangin mijinta, sai ta laƙaba musu wasu. Ango ba ya halartar bikinsa, amarya kuwa tana tsaye a kusurwar ɗaki shiru yayin da baƙi ke shigowa. Ƙarami yana miƙewa tsaye idan babba ya shigo. Jami'in tsaro zai iya rufe makaranta da jarida, amma ba shi da hanyar hana yaro koyon waɗannan daga kakarsa.

Malamar Islamiyya:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin ya bar babban ginshiƙi a baya, wato ɗariƙa. Checheniyawa Musulmi ne 'yan mazhabar Shafi'iyya, kuma Musuluncinsu ya kafu ne ta hannun shehunnan Naƙshabandiyya da Ƙadiriyya. Shehu Mansur ne ya fara haɗa kansu a kan Rasha a 1785, aka kama shi a Anapa a 1791, ya rasu a kurkuku a 1794. Bayansa aka yi Imam Shamil, wanda shi ɗan ƙabilar Avar ne daga Dagestan amma Checheniya ta zame masa babbar madogara, ya yi yaƙi daga 1834 har ya miƙa wuya a Gunib a 1859.

Wanda ya fi shafar tambayar ɗan'uwanmu shi ne Kunta-Haji, wanda ya yaɗa Ƙadiriyya a daidai lokacin da yaƙi ya cinye maza. Ya yi kira da a ajiye makami, a riƙe zikiri da taimakon juna, don kada al'ummar ta ƙare gaba ɗaya. Duk da haka hukumomin Rasha suka kama shi a Janairun 1864, suka buɗe wuta a kan muridansa da suka taru a Shali suna neman a sake shi, shi kuma ya rasu a gudun hijirar dole a 1867. Zikirinsa na bayyane ne: maza su yi da'ira, suna tafa hannu, suna buga ƙafa, suna zagayawa da kalmar shahada da babbar murya. Irin wannan ibada ba ta dogara da gini ba, ɗaki ko tsakar gida ya wadatar. Shi ya sa rufe masallatai bai kashe addinin ba, har ma wani sabon reshen ɗariƙar, na Vis-Haji, a can Kazakistan aka kafa shi. Ku lura cewa ko bayan dawowarsu ba a yarda an buɗe masallaci a hukumance a jamhuriyar ba sai a 1978, amma jana'iza da ɗaurin aure ba su daina bin tsarin Musulunci ba.

Dattijon Zaure:

Na yarda da ku duka biyu, kuma teip da ɗariƙa ba kishiyoyi ba ne, domin sau da yawa gida guda shehu guda yake bi. Gyaran da zan yi a kan tambayar ne kanta, domin kada a ɗauka sun dawo lafiya lau. Masana tarihi da dama sun ƙiyasta cewa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka kora sun mutu saboda yunwa da sanyi da cuta, kuma Majalisar Dokokin Tarayyar Turai ta ayyana korar a matsayin kisan kare dangi a 2004. Waɗanda suka komo sun tarar an tumɓuke duwatsun kaburburan iyayensu an yi daɓen hanya da harsashin gini da su, kuma an hana su sake zama a wasu gundumomin tsauni kamar Galanchozh, inda asalin dangogi da yawa yake. Harshen ma ya sha wahala, domin karatun boko da aikin ofis da Rashanci ake yin su, shi kuwa ya fake a cikin gida.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, shugabannin da suka nemi ɓallewa daga Rasha 'ya'yan korar nan ne. Dzhokhar Dudayev, wanda ya ayyana 'yancin kai a 1991, yana jariri aka tafi da shi, Aslan Maskhadov kuwa a Kazakistan aka haife shi a 1951. Wanda bai san 1944 ba zai sha wuyar fahimtar yaƙin 1994 zuwa 1996 da wanda ya ɓarke a 1999, waɗanda suka mayar da Grozny, babban birnin Checheniya, kufai.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Baba, da ku Malam da Malama. Batun Kunta-Haji ne ya fi ja mini hankali, domin Shamil kaɗai nake jin ana ambata. Zan bi diddigin koyarwarsa, sannan in duba yadda Checheniyawan da suka yi hijira zuwa Jodan suka zauna a Zarƙa a farkon ƙarni na 20 suka riƙe harshensu a tsakiyar Larabawa.