Su yoga da tai chi: ina ganin mu kira su motsin natsuwa

Jama'a, tambayar da ke gabanmu ita ce sunan da za mu ba irin motsa jikin da Turawa ke cewa mind-body exercise. Ana nufin su yoga da tai chi da Pilates, inda ake haɗa motsi a hankali da sarrafa numfashi da tattara hankali wuri guda. Likitoci suna ba masu hawan jini da rashin barci da waɗanda matsin rayuwa ya yi wa yawa shawarar su riƙa yin su. Amma in aka zo faɗa wa mai jinya da Hausa, sai ka ga ma'aikacin lafiya yana kame-kame. Na bi shawarwarin da kuka kawo ɗaya bayan ɗaya, ga inda na tsaya.

Malam, kai ka ce "motsa jiki da ƙwaƙwalwa". Allah ya ƙara basira, amma ban gamsu ba. Bahaushe da ya ji haka, hankalinsa kan wasa ƙwaƙwalwa zai tafi, wato kacici-kacici ko dara. Alhali a nan ba a son ƙwaƙwalwa ta yi ta saƙa da warwara, so ake ta lafa. "Atisaye" kuwa na soja ne da 'yan ƙwallo, akwai haki da zufa a cikinsa. Hajiya ta kawo "miƙa", kuma ta kusa, domin akwai miƙe gaɓoɓi sosai a yoga. Sai dai tai chi juyi ne da taku a hankali, miƙar cikinsa kaɗan ce, kuma kalmar ba ta taɓo numfashi ba ko kusa.

Kafin mu raɗa suna, mu duba abin da motsin yake yi wa jiki. Idan mutum ya shiga matsi, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda suna sakin sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta hau bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, kafaɗu da wuya su sandare. Ga wanda ke guje wa haɗari wannan rahama ce, amma ga wanda bashi da hayar gida da kuɗin makaranta suka hana barci wata da watanni, cuta ce. Masanin kimiyya Hans Selye ya bayyana illar doguwar matsi ga jiki a 1936, bayan gwajin da ya yi da ɓeraye a Jami'ar McGill ta Kanada. A shekarun 1970 kuma likita Herbert Benson na Jami'ar Harvard ta Amurka ya auna masu zama shiru suna tattara hankali, ya ga bugun zuciyarsu da numfashinsu suna raguwa. Fitar da numfashi a hankali, a ja shi ya fi shaƙa tsawo, yana taɓa jijiyar da ake kira bagus, wadda ke sassauta bugun zuciya. Ashe abin da ake nema a irin wannan motsa jikin ba ƙwanji ba ne, wani hali ne da jiki da zuciya ke shiga tare.

Wannan halin muna da sunansa tun kaka da kakanni: natsuwa. In uwa ta ce wa ɗanta "natsu", ba ta ware jikinsa daga hankalinsa ba, duka biyun take nufi. Duk wanda ya yi karatun Ahalari ya san an lissafa natsuwa cikin farillan salla, wato gaɓoɓi su tsaya cik a ruku'u da sujada kafin a ɗago. Ba ina haɗa ibada da motsa jiki ba ne, a fahimce ni. Ina nuna cewa kalmar ta riga ta ɗauki jiki da zuciya a tare, ba sai mun jero su biyu ba. Don haka na ce: motsin natsuwa.

Wani ƙanena a nan ya ce motsi da natsuwa ba sa haɗuwa. Ƙanena, dubi mace ɗauke da tulu cike da ruwa a ka. Tafiya take yi, amma ko ɗigo ba ya zuba, saboda wuyanta da takunta da hankalinta duk a natse suke.

Sunayen kansu kuwa, ina roƙon a bar su yadda suke. Pilates sunan mutum ne, Joseph Pilates, Bajamushen da ya buɗe wurin koyarwa a birnin New York a shekarun 1920. Tai chi daga Sin yake, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2020. Yoga daga Indiya take, asalin kalmar a harshen Sanskirit yana nufin haɗawa, kuma a 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni. Tana da saiwa a addinin Hindu, shi ya sa a 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin wadda ake haɗawa da rera kalmomin bauta. Wannan ya fi komai muhimmanci a gare ni. Idan muka lulluɓe yoga da sunan Hausa, mun ɓoye wa mutum abin da yake da haƙƙin ya sani kafin ya shiga aji. A gaya masa sunanta, ya tambayi abin da ake yi a ciki, ya zaɓa da idonsa a buɗe. Motsin natsuwa sunan rukunin ne gaba ɗaya, har da zaman jan numfashi da miƙa da ba su jiɓinci kowane addini ba.

Ku gwada shi a baki: "Likita ya ce in riƙa motsin natsuwa da safe." "An buɗe ajin motsin natsuwa na mata zalla." Bai yi nauyi ba, kuma tsohuwar da ba ta taɓa jin Turanci ba za ta gane inda aka dosa. Masu rubuta bayanin asibiti dai su ƙara da cewa ba ya maye gurbin maganin hawan jini.

Saura rubutun kalmar. Wasu nutsuwa suke rubutawa, wasu nitsuwa. Na zaɓi natsuwa don kada a ruɗa ta da nutsewa a ruwa. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi, ku faɗa mana yadda kuke furta ta a wajenku, kafin mu sa ta a takardun wayar da kai.