Wa ke raba gardama a shirin Penn & Teller: Fool Us?

Ummu Hafsa ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na ɗan jima ina kallon wannan shiri, inda masu rufa-ido suke hawa dandamali su nuna wasansu, Penn da Teller kuma, gwanayen rufa-ido biyu, su yi ƙoƙarin gano dabarar da aka yi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ban taɓa jin Penn ya fito fili ya faɗi sirrin ba, sai dai ya yi magana a dunƙule, nan take mai wasan ya gyaɗa kai ya amince an gano shi. To, idan ɓangarorin biyu suka saɓa, wa ke tabbatar da mai gaskiya?

Malam Bala ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kike ji zaurance ne irin na 'yan sana'a. Penn yakan ambaci sunan wani tsohon gwani ko sunan wata dabarar hannu a cikin zance, ta yadda mai wasan zai fahimci an kama shi ba tare da an tona masa asiri a gaban jama'a ba, domin wannan sirri shi ne hanyar cin abincinsa. Teller kuwa ba ya magana a dandamali, sai dai ya yi zane a takarda ko ya yi raɗa.

Game da saɓani, akwai alƙali a bayan fage wanda kowane ɗan takara yake bayyana wa dabararsa tun kafin a ɗauki shirin. Johnny Thompson ne ya riƙe wannan aiki har mutuwarsa a 2019, sannan Michael Close ya gaje shi. Idan mai wasa ya musanta hasashensu, maganar alƙalin ce ƙarshe.

Ɗan Gwaggo ya amsa:

Malam ya yi bayani, amma ni a ganina rikita gwanaye biyu daban yake da ƙayatar da 'yan kallo. Akwai masu shirya wasa da gangan don ya yi kama da wata sananniyar dabara, su sa Penn da Teller su yi hasashen kuskure, alhali wasan kansa ba shi da armashi. Ladar ma ba kuɗi ba ce: kofi ne da damar yin wasa a dandamalinsu na Las Vegas. A gasar nuna hazaƙa ta America's Got Talent kuwa, inda ake cin dala miliyan ɗaya, ƙuri'ar jama'a ce ke yanke hukunci, kuma a can mai rufa-ido Mat Franco ya yi nasara a 2014.

Malam Bala ya sake amsawa:

Ɗan'uwa, ba kullum abubuwan biyu suke rabuwa ba. Shin Lim ya rikita Penn da Teller sau biyu da wasan karta, a 2015 da 2017, sannan ya lashe ita waccan gasar ta ƙuri'a a 2018. Malama, ki fara da kallon wasansa na 2015.