Neman kalma: me za mu kira "limfidima" da safar da ake matse ta da ita?

Assalamu alaikum. Jama'a, kalma nake nema, kuma buƙata ce ta kawo ni. Na riga na yi tambayar, wasunku sun kawo shawarwari, a nan zan amsa musu ɗaya bayan ɗaya. Shekara 3 ke nan hannuna na hagu ya fi na dama kauri. An yi mini aikin sankarar mama, aka cire kaluluwa 14 a hammatata, daga baya aka yi wa wurin gashi da na'ura. Bayan wata 8 zobe ya ƙi fita, agogo ya fara barin sawu a wuyan hannu, hannun riga ɗaya ya riƙa kama ni ɗayan kuma sakayau. Likita ya duba ya ce "limfidima". Na koma gida Inna ta ce, "Me suka ce?" Na buɗe baki na rasa abin faɗa, na ce kumburi ne. Ta ce, "To ai kumburi sacewa yake yi, ki kwantar da hankalinki." Wannan kuwa ba ya sacewa da kansa. Tun ranar nake jin rashin sunan yana cutar da ni kusan kamar ciwon.

Bari in faɗi abin da muke nema wa suna, kada mu raɗa wa jaririn da ba mu gani ba. Ban da hanyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jiki masu ɗaukar wani ruwa garai-garai. Ruwan daga jini yake tsattsafowa ya jiƙa tsoka da fata, ɗauke da furotin da ƙwayoyin da ke yaƙar cuta. Hanyoyin nan su kwashe shi, su bi da shi ta cikin kaluluwa a tace, sannan su mayar da shi cikin jini a gindin wuya. Ba shi da famfo irin zuciya. Motsin tsoka da numfashi da ɗan matsewar da hanyoyin ke yi da kansu, su ke tura shi. Idan aka cire kaluluwa, ko gashin na'ura ya ƙone hanyar, ko tsutsa ta lalata ta, ko aka haifi mutum da hanyoyin ba su cika ba, sai ruwan ya rasa mafita ya kwanta a hannu ko ƙafa. In ya daɗe, fata ta yi kauri, naman wurin ya taurare.

Su ma masu kalmar ba wata gwaninta suka yi ba. "Limfa" a Latin ruwa ne mai tsabta, "idima" a Girkanci kumburi. Likitan nan na Denmak, Thomas Bartholin, shi ya laƙaba wa hanyoyin sunan ruwan a rubutunsa na 1653. Kalma biyu na yau da kullum aka haɗa. Mu ma muna da ruwa, muna da kumburi.

Malam, na ga amsarka, kuma kai ne na huɗu da ya ce "ai tundurmi ne, me ake wahala". Na gode, amma ban yarda ba, kuma zan daɗe a nan don nan ne gardamar take.

Tundurmi kalma ce tamu, tsohuwa, kowa ya san ta. Da ka faɗe ta mutum ya ga ƙafa kamar turmi, fata ta yi kaushi ta ninke. Wannan gaskiya limfidima ce, amma wadda ta kai matuƙa. Likitoci suna kasa ciwon mataki-mataki daga 0 zuwa 3. A na 0 hanyar ta lalace amma ido bai ga komai ba, sai nauyi da mutum ke ji. A na 1 akwai kumburi mai laushi, in ka danna yatsa ya lotsa, in ka ɗaga gaɓar sama ya ragu. A na 2 ɗagawa ta daina aiki. Na 3 shi ne tundurmi. Idan muka kira duka da sunan na ƙarshe, macen da zobenta ya fara matse ta za ta ce, "A'a, ni ba ni da tundurmi," ta zauna a gida. Alhali lokacin ne aka fi cin nasara a kansa. Sannan wa ya taɓa jin tundurmin hannu? Kalmar a ƙafa ta zauna.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A kunnen mutane tundurmi ya haɗu da ciwon da sauro ke kawowa, wato tsutsar da ake kira Wuchereria bancrofti, wadda ita ke haddasa kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan cutar a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da ita tun shekarar 2000, ana raba ƙwayoyi gari-gari. Ni kuwa babu tsutsa a jikina, wuƙar likita ce ta ceci raina ta bar mini wannan, kuma kusan mace 1 cikin 5 da aka kwashe wa kaluluwar hammata haka take samu. A tsaunukan Habasha akwai masu kumburin ƙafa saboda yawo ba takalmi a kan jar ƙasar da duwatsu masu aman wuta suka bari, babu sauro a zancen. Akwai jariran da ake haifa da shi, irin da William Milroy ya bayyana a Amurka a 1892, da waɗanda yake fito musu lokacin balaga, irin da Henry Meige ya bayyana a Faransa a 1898. Duk waɗannan uwa ɗaya ce, tundurmi ɗa ne a cikin 'ya'yanta. A bar masa gurbinsa, a ce "ya kai matakin tundurmi". Kuma in faɗi gaskiya, ba na so a kira ni da shi. Kalmar tana da nauyin tsangwama, mai ita ya sani.

"Kumburin ruwa" da kika kawo ya fi taushi, Hajiya, kuma na so shi da farko. Matsalarsa faɗi. Mai ciwon zuciya ƙafarsa na tara ruwa, mai ciwon ƙoda haka, mai ciwon hanta haka, mai juna biyu ma haka. Waɗannan wasunsu ana ba su maganin sa fitsari su samu sauƙi. Namu kuwa maganin fitsari ba ya warware shi, domin furotin ɗin yana nan kwance yana sake jawo ruwa. Sunan da zai sa mutum ya aro ƙwayar maƙwabcinsa ba suna ba ne mai kyau. Likitoci ma suna da 'yar dabarar rarrabewa da Robert Stemmer ya bayyana a 1976: a gwada tsunkule fatar gindin yatsan ƙafa na biyu, in ta ƙi tsunkuluwa, ana zargin limfidima.

"Kumburin kaluluwa" kuwa kuskure ne kai tsaye. Bahaushe in ya ji haka zai taɓa matsematsinsa ko hammatarsa yana neman ƙullutu, irin wanda ke fitowa in an ji rauni a ƙafa. Ni kaluluwar ma babu ita, an cire.

Amma ƙanwata da ta kawo wannan shawarar ta buɗe mana ƙofa ba ta sani ba. Ba mu da sunan ruwan nan garai-garai, muna da sunan matatarsa. To me zai hana mu kira shi ruwan kaluluwa, hanyoyinsa kuma hanyoyin ruwan kaluluwa? Daga nan ciwon ya zama kumburin ruwan kaluluwa. Kalma ɗaya ce ta shiga tsakani ta gyara ma'anar duka: ba kaluluwar ce ta kumbura ba, ruwanta ne ya kwanta ya kumbura gaɓa. Na gwada wa Inna jiya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wato magudanar ce aka toshe." Shekara 3 ina bayani, sai jiya ta kama a jimla ɗaya. Wani ya ce ya yi tsawo. Haka ne, amma "hawan jini" da "ciwon suga" ma baki ne ya goge su har suka yi santsi. Na so "kwanciyar ruwan kaluluwa" don ta fi kwatanta abin da ke faruwa a ciki, sai dai mai ciwo kumburi yake gani, da shi zai je asibiti. A bar kwanciya ta yi aikin bayani: ruwa ya kwanta mata a hannu.

Yanzu sai kayan da muke sawa, waɗanda a asibiti ake ce wa na "kwamfireshan". Nan ne na sha dariya. Yaya, ka rubuta "kayan matsi" da zuciya ɗaya, Allah ya saka. Tambayi matar gida me mata ke ji in an ce maganin matsi, za ka gane dalilin da ya sa ba zan shiga kantin magani in ce a ba ni kayan matsi ba. "Matsattsun kaya" kuma wa'azi za su jawo mini. "Bandeji" wani abu ne daban, kuma yana da nasa gurbin: da shi ake farawa. Makonnin farko ana naɗe gaɓar da bandeji marar talewa sosai, hawa-hawa, har kumburin ya sauka, sannan a auna mutum a ba shi abin da zai riƙe nasarar da aka samu.

Abin nan saƙa ce mai ƙarfi da aka auna matsinta. Ta fi kamawa a idon sawu ko wuyan hannu, tana sassautawa tana hawa, don ta kora ruwan sama. Da ma'aunin da ake auna hawan jini ake auna ta. A tsarin Jamus aji na 1 yana matsa 18 zuwa 21, na 2 yana matsa 23 zuwa 32, na 3 kuma 34 zuwa 46, na 4 daga 49 zuwa sama. Ni aji na 2 nake sawa. Da sassafe nake zura ta kafin hannun ya cika, in cire da dare. Kullum sai an wanke, ba a shanya ta a rana mai zafi ko a goge ta, kuma bayan kamar wata 6 ƙarfinta ya mutu sai sabuwa, ko da ido na ganinta lafiya lau. Ranar farko na yi minti 20 ina kokawa da ita har na yi kuka. Yanzu minti 2. Lokacin zafi kuwa, Allah dai ya ba mu haƙuri.

Shi ya sa nake so sunan ya ɗauki aikin, ba kamannin ba. Na tsaya a kan safar matse kumburi, a taƙaice safar kumburi. Ta ƙafa ba gardama, safa ce. Ta hannu ce ta ba ni aiki, don "safar hannu" ta riga ta zama ta tafi da yatsu. Wadda nake sawa daga wuyan hannu take tashi har kusa da hammata, saboda haka safar damtse. In yatsu ma sun kumbura a ƙara da safar hannu ta kumburi. In ana maganar su duka, har da na ƙirji da na wuya, tufafin matse kumburi.

Likita, na ga gyaranka kuma na karɓa. Ka ce kalmar "safa" za ta sa mutane su ɗauka kowace matsattsiyar safa ta kasuwa za ta yi. Gaskiya ne, kuma haɗarin ba ƙarami ba ne. Wadda ba a auna ba tana iya shaƙe wuri ɗaya ta tare ruwan a ƙasa. Ko ta gaskiyar ma, in aka naɗe bakinta don ta yi tsawo, ta zama igiya. Mai toshewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, ko mai ciwon zuciyar da bai daidaita ba, bai kamata ya sa ba sai likita ya duba. To a rubutu sai mu riƙa cewa safar kumburi ta awo. In yatsu suka yi sanyi, ko suka canja launi, ko suka mutu, a cire nan take.

Tun da muna kai, akwai wata kalma da ke yi mana ɓarna, ita ce tausa. Akwai hanyar da Emil Vodder da matarsa Estrid, 'yan Denmak, suka fito da ita a Faransa a shekarun 1930, ta kora ruwan da hannu zuwa kaluluwar da ke da lafiya. In ka ce mata tausa, sai 'yar'uwa mai ƙauna ta zo ta murje miki hannu da ƙarfinta duka. Haka aka yi mini, na kwana hannun na zugi. Abin shafa ce mai sauƙi, fata kawai ake ja a hankali, kuma daga gindin wuya ake farawa, ba daga inda ya kumbura ba. Shafar kora ruwa nake kiranta. Wanda ke da wadda ta fi, bismilla.

Abu ɗaya kuma ban nema masa sabon suna ba, don ba na so a tsaya neman kalma ranar da ya zo. Gaɓar da ruwa ya kwanta a cikinta ba ta iya yaƙar ƙwayar cuta sosai. Ƙaramin yanka, ko cizon sauro, ko faso, ko ƙaiƙayin tsakanin yatsu, ya isa ƙofa. In fatar ta yi ja, ta yi zafi, zazzaɓi ya rufe mutum da rawar sanyi, asibiti ne a ranar, ba gobe ba, kuma ba a sa safa a kai sai an ga likita. Sau ɗaya ya same ni, daga ƙunar bakin tukunya da ba ta kai ƙwayar wake ba.

Ga inda muka tsaya: kumburin ruwan kaluluwa, safar kumburi, safar damtse. Ranar 6 ga Maris ce ranar wannan ciwo ta duniya, ina so kafin ta zagayo mu ga ko bakin mutane ya karɓe su. Saura guda da ta gagare ni. Safar iri biyu ce wajen saƙa. Akwai wadda ake saƙawa a zagaye kamar bututu, ba ɗinki, siririya mai talewa. Akwai wadda ake saƙawa a shimfiɗe sannan a haɗe ta da ɗinki, mai kauri, ba ta nutsewa cikin ninkin fata, ita aka fi ba wanda gaɓarsa ta canja siffa. Na rubuta "saƙar zagaye" da "saƙar shimfiɗe" na karanta da ƙarfi, ta biyun ta ƙi zama a bakina. Masu saƙa da ke cikinmu, ku me kuke ce wa irin wannan a wajen aiki?