An dawo mini da facina saboda salon rubutu kawai: in gyara ne ko in yi magana?

Sani, Jidda

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina aiki a wani kamfani a nan Jidda da ke shirya wa masu Umra masauki da motoci, kuma muna da wata ƙaramar manhaja da aka rubuta da yaren C, wadda take karanta saitinta daga fayil guda. Da rassanmu na Makka da Madina suka fara buƙatar saiti daban-daban, fayil ɗin ya kumbura har kowa yana tsoron taɓa shi. Sai na rubuta faci, wato gyaran kod da ake aika wa mai dubawa, da ya ƙara umarnin include, domin babban fayil ya riƙa janyo ƙananan fayiloli ta hanyar da aka rubuta masa. Na gwada a kwamfutata, ya yi aiki lafiya lau.

Babban injiniyanmu ya dawo mini da shi da sharhi 14, kuma babu ko ɗaya da ya ce aikin ya yi ko bai yi ba. Ya ce na cakuɗa tab da sarari, ya ce wasu layuka sun wuce harafi 80, ya ce sunayen p2 da tmp da na sa wa ma'ajiyoyin bayanai a cikin kod ba su gaya wa mai karatu komai, ya ce fankishin ɗina, wato sashen kod mai yin aiki guda, ya kai layi 90 da wuraren fita biyar, sannan ya ce na sake tsara layukan da ba su shafi aikina ba. Azumi yana ƙaratowa, lokacin da aiki ya fi yi mana yawa, kuma ina ganin ana ɓata lokaci a kan kwalliya. Shin in gyara in yi shiru, ko in nemi ya duba ainihin aikin tukuna?

Malam Habibu, Riyad

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka gyara, kuma ka fara da sharhin ƙarshe, domin shi ne ya fi nauyi. Idan editarka ta sake tsara layi 200 alhali aikinka na gaskiya layi 40 ne, to ka binne aikin a cikin tarkace, kuma mai dubawa ba zai iya rantsuwa cewa babu abin da ya canza a sauran ba sai ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka, duk wanda ya zo nan gaba ya yi git blame, wato umarnin Git (manhajar adana tarihin kod) mai nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, zai ga sunanka a kan layukan da ba kai ka rubuta ba. Ka raba facin gida biyu da git add -p, na farko gyaran tsari zalla, na biyu umarnin include, kuma ka gudanar da git diff --check, mai nuna kurakuran sarari, kafin ka sake aikawa.

Batun harafi 80 ba wahayi ba ne. Ko masu kula da Linux sun sassauta a 2020, inda checkpatch, kayan aikinsu na duba salon faci, ya daina ƙorafi sai layi ya wuce 100. Amma idan ka shiga gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Abin da sauran fayilolin kamfaninku suke bi shi za ka bi.

Malama Zainab, Madina

Malam Habibu ya yi gaskiya, amma ni sunayen p2 da tmp ne suka tsaya mini a rai, Malam Sani, domin ina zargin akwai tambayar da suka ɓoye. Idan mutum ya rubuta include madina.conf ba tare da cikakkiyar hanya ba, daga ina manhajarka za ta fara nema? Daga foldar da babban fayil yake, ko daga foldar da aka tsaya lokacin da aka kunna ta? Manyan manhajoji ma ba su yi ittifaƙi a kan wannan ba. Git, wanda ya samu include.path a 2012, yana aunawa daga fayil ɗin da umarnin yake ciki. OpenSSH, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, wanda ya ƙara Include a sigar 7.3 a 2016, yana nema a ~/.ssh idan saitin mai amfani ne, ko a /etc/ssh idan na na'ura ne gaba ɗaya. Apache, manhajar sabar yanar gizo, kuma yana aunawa daga ServerRoot, wato babbar foldarsa. Kowanne ya zaɓi ɗaya kuma ya rubuta shi a fili. Da a ce ka sa wa ma'ajiyoyinka suna irin base_dir da full_path, da tun kana rubutawa za ka ga ko ka amsa wannan tambaya ko ba ka amsa ba, shi ma mai dubawa zai gani da kallo ɗaya.

Haka nan wuraren fita biyar ɗin nan. A yaren C, duk inda ka buɗe fayil ko ka ware memori, kowace fita sai ta rufe ta kuma saki, kuma da wuya mutum ya tuna sau biyar. Shi ya sa takardar salon rubutun Linux ta yarda da goto, wato umarnin tsallakawa, zuwa wuri guda na share fage a ƙarshen fankishin, duk da cewa malaman jami'a da yawa suna hana ɗalibai amfani da shi. Sai kuma abin da ban ji ka ambata ba: idan fayil ya janyo kansa, ko biyu suka janyo juna, me zai tsayar da su? Git yana tsayawa a zurfi 10, OpenSSH a 16. Ka sa naka iyakar, da saƙon kuskure mai faɗin sunan fayil da lambar layi.

Usman, Makka

Da izinin manya, ni ina ganin injiniyan ma yana da nasa laifin. Tab da tsawon layi aikin na'ura ne. Da an ajiye fayil ɗin .clang-format, wanda ke faɗa wa na'ura yadda za ta tsara layuka, a ma'ajiyar kod, da rabin sharhin nan bai taso ba, kuma da idonsa ya tafi kan abubuwan da Malama ta lissafa. Ya kamata kuma ya bambance wa Sani wane sharhi ne dole, wane ne shawara. Ka roƙe shi hakan cikin ladabi, ba rashin kunya ba ne.

Ƙari ɗaya da ya shafe mu a ƙasar nan: foldojinmu da yawa sunan Larabci gare su. A UTF-8, wato tsarin adana haruffa a kwamfuta, kowane harafin Larabci bait 2 yake ci, haka ma ɓ da ɗ da ƙ namu. Idan ka ware wurin bait 256 kana haɗa hanya da strcat, wanda ba ya duba girman wurin, zai cika da wuri fiye da yadda idonka yake ƙirgawa. Ka yi amfani da snprintf, wanda ba ya wuce girman da ka ba shi, kuma ka duba abin da ya dawo da shi domin ka san ko an yanke hanyar.

Sani, Jidda

Allah ya saka muku da alheri. Bayan Isha na zauna na canza sunayen kamar yadda Malama Zainab ta ce, sai na tarar base_dir ɗina babu abin da ke cika shi, wato manhajar tana nema ne daga inda aka kunna ta. A kwamfutata ina kunna ta daga foldar saiti, shi ya sa ban ga komai ba. A sabarmu kuwa systemd, mai kunna manhajoji a Linux, ne ke kunna ta, kuma shi daga tushen / yake farawa, don haka da ba za ta ga fayil ɗin Madina ba ko kaɗan. Na kuma samu fita ɗaya daga cikin biyar da ba ta rufe fayil.

Na raba facin biyu, na bi tsarin Git wajen aunawa, na sa iyakar zurfi 10. Ranar Lahadi in an koma aiki zan kai wa injiniya maganar .clang-format, Yaya Usman. Abin da ya rage mini shi ne alamar tauraro, irin include rassa/*.conf mai janyo duk fayilolin .conf na foldar rassa: in sa ta a wannan faci, ko in bari sai an karɓi wannan in aika na uku?