Batirin agogona ba ya kai ni la'asar: gajiya ya yi ko wani abu ke shan cajin?

Mai_Tattaki:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan agogon zamanin da nake ɗaurawa, shekara ɗaya da wata takwas ke nan yana hannuna. Da yana sabo, in na cire shi daga caji da safe, sai ya yini ya kwana har ya kai ni hantsin washegari. Jiya kuwa ƙarfe 6 na safe na cire shi yana kan 100, kafin 3 na rana ya dawo 18. Tattakin minti 40 da na yi da GPS a kunne shi kaɗai ya ci kusan 20.

Abin ya dame ni ne saboda ba don ado na saye shi ba. Likita ne ya ce in riƙa tafiya kullum ina lura da bugun zuciyata, kuma ina son in kwana da shi ya auna mini barci. To yanzu dare ya zama na caja. Ta yaya zan gane ko batirin ne ya gaji ko wani abu ne ke zuƙe shi? Kuma me zan kashe ba tare da na rasa awon bugun zuciya ba?

Ɗan_Lissafi:

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yi saurin yanke wa batirin hukunci, fara auna shi tukuna.

Ba ka faɗi irin agogon ba. In Apple Watch ne, tun watchOS 7 (babbar manhajar da ke tafiyar da agogon) da ya fito a 2020 akwai wurin duba lafiyar batir a cikin saituna, ƙarƙashin batir, zai nuna maka kashi nawa ya rage na ƙarfinsa na asali. Kamfanin ya ce an ƙera batirin ne ya riƙe kashi 80 bayan cikakken caji 1000. Cikakken caji kuma ba ƙirgen sau nawa ka jona ba ne: in ka sha rabi yau ka cika, ka sha rabi gobe ka cika, ɗaya ke nan. Wata 20 kwana 600 ne da ɗoriya, don haka ko kullum kake ƙarar da shi da sauranka. Shi ya sa nake zargin ba tsufa kaɗai ba ne.

In naka ba ya nuna wannan, ga gwajin da nake yi. Cika shi zuwa 100 da dare, sa shi a yanayin jirgin sama, kashe allon da ke zama a kunne, ka ajiye shi awa 8 kada ka taɓa. In da safe ɗan kaɗan ya sauka, batirin na da rai, ɓarawon yana cikin saituna ko manhajoji. In kuwa ya zubar da kashi 25 ko 30 yana kwance ba ya aikin komai, ko ya mutu farat ɗaya alhali yana nuna 30, to gajiya ce. Ka tuna batirin agogo ɗan mitsitsi ne, yawanci 300 zuwa 500 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), waya kuwa takan kai 5000. Abin da waya ba za ta ji ba, agogo sai ya ji a jikinsa.

Uwar_Biyu:

Yaya, ni irin wannan ya taɓa samuna, har na cire rai. Ashe fuskar agogon da na sauke ce. Kyakkyawa ce wallahi, fara tas, da hannun daƙiƙa yana zagayawa, ga yanayin gari a gefe yana sabunta kansa a kai a kai. Ranar da na koma baƙar fuska mai lambobi kawai na ga bambanci. Irin allon da ake kira AMOLED duk inda yake baƙi a kashe yake, ba ya cin wuta, fari kuwa kowane ɗigo yana ci.

Na biyu sanarwa. Ina cikin rukunonin WhatsApp ba iyaka, kowane saƙo sai agogon ya girgiza ya haska. Na zauna na tace, na bar kira da saƙon mutane 'yan kaɗan, sauran su jira ni a waya. Sai awon iskar oksijin a jini da yake yi duk dare, shi ma na kashe tunda ba a ce in bi shi ba. Bugun zuciya kam ka bar abinka, tunda shi ya sa ka sayi agogon. In kana fita tattaki da wayarka a aljihu, duba ko naka yana iya aron GPS ɗinta, wasu suna yi.

Mai_Gyara:

Duk abin da suka faɗa haka yake. Ni zafi zan ƙara, don shi na fi gani yana kashe batirin lithium. Ina kake ɗora cajar? Na sha buɗe agogon da aka saba barinsa a gaban mota ko bakin taga rana na dukansa yana caji. Cajin maganaɗisu da kansa yana ɗumama bayan agogo, in aka haɗa da zafin da ya wuce digiri 35 ƙarfin batir yana raguwa, kuma ba ya dawowa. Kada ka bari yana mutuwa ƙurmus kullum, kada kuma ya daɗe a 100 yana zafi. In yana da saitin da ke tsayar da caji a 80, kunna shi.

Ɗauki agogon ka kalle shi ta gefe a cikin haske. In ka ga gilashin ya ɗan ɗago ko bayan ya yi tozo, batirin ya kumbura. Kada ka danna, kada ka sake jona shi, kai wa masu gyara. In an canza batir kuma ka tambaya ko sun mayar da abin da ke hana ruwa shiga.

Mai_Tattaki:

Allah ya saka muku da alheri. Na yi gwajin daren jiya, awa 8 ya sauka daga 100 zuwa 95 kawai, kuma gilashin lafiya lau. Na sa baƙar fuska, na tace sanarwa, na kashe allon da ke zama a kunne. Malam Mai_Gyara, ka canka daidai, a bakin taga cajata take, na mayar da ita inuwa. Yanzu ƙarfe 9 na dare yana kan 52, har da tattakin safe. Zan ba shi cajin rabin awa in kwana da shi. Hajiya Uwar_Biyu, a wane sashe na saituna kika samu wurin kashe awon oksijin ɗin? Na duba a agogon ban gani ba, ko a manhajar waya yake?