"Monastery" da Hausa: coci, zawiya ko me?

1/ Jiya ina fassara wani rubutu kan Santa Katarina, wani tsohon wuri a ƙasar Masar inda wasu Kiristoci ke keɓe kansu don ibada, sai kalmar "monastery" ta tsayar da ni cak. Larabawa sun huta, "dair" suke cewa. Mu fa?

2/ Bari in kwatanta wurin tukuna. A gindin Dutsen Sina'i yake, inda Kiristoci suka yi imani nan Annabi Musa ya ga wuta na ci a jikin itace. Sarkin Rumawa Jastiniyan ne ya sa aka gina shi tsakanin 548 da 565, kuma har yau da mutane a ciki. Ganuwa ce ta zallar dutse, tsayinta ya kai mita 10. An yi zamanin da aka toshe babbar ƙofar saboda mahara, in baƙo ya zo sai a zuro masa kwando da igiya, a jawo shi sama kamar guga.

3/ To "coci" dai ta faɗi. Cocin ɗaya ce kawai daga cikin gine-ginen da ke cikin ganuwar. Ga ɗakunan kwana, ga rijiya, ga ɗakin karatu mai rubuce-rubucen hannu sama da 3,000, na Girkanci da Larabci da Siriyanci. Har masallaci akwai da hasumiyarsa, tun zamanin daular Faɗimiyawa, farkon ƙarni na 12.

4/ Wani ya ce min "zawiya" ko "gidan sufaye". Malam, mai karatu zai zaci wazifa ake yi a ciki. Kuma sufinmu yana aure, yana zuwa kasuwa; mazauna wannan wuri kuwa sun bar aure da dukiya har mutuwa.

5/ Ganuwar ta so ta ja ni zuwa "ribaɗi", irin na Wurno, amma shi na masu tsaron iyaka ne. "Sauma'a" kuwa ɗakin mutum ɗaya ce.

6/ "Gidan zuhudu" ya kusa, na daɗe ina juya shi. Sai dai zuhudu hali ne, mai mata huɗu ma yana iya yin sa.

7/ Na tsaya a kan "gidan ruhubanawa". Duk wanda ya zauna tafsirin Ma'ida ya ji "ruhubanawa", kuma ba ta nufin kowa sai su. Jam'i, gidajen ruhubanawa.

8/ Saura na mata. "Gidan ruhubanawa mata" ya yi wa bakina tsawo. 'Yan'uwa Kiristoci, me kuke cewa a majami'a?